Habu Mai Gamba da Ramin Kuza

Duk wanda ya ce taurin kai ne ya ci Habu Mai Gamba, to ya gode wa Allah na tsufa, da ya sha mari. Ni ne Shitu wanzami. Ni na yi ta yi masa aski tun gashinsa yana baƙi wuluk har ya koma fari fat, kuma taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. In akwai mai ikon zaginsa a duniyar nan ni ne, na kuma zage shi son raina yana raye. Amma ban yarda wani ɗan bana-bakwai da bai san abin da ya faru ba ya zauna a inuwa yana yanke masa hukunci.

A Tudun Kanya aka haife shi, wata 'yar unguwa mai gidaje kaɗan a gindin duwatsun Riruwai, can wajen Doguwa. Kada ka wahalar da kanka wajen nemanta, babu ita yanzu. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ga nauyin baki. Nakan ce masa in an gaishe shi da asuba sai hantsi yake amsawa. Shi kuma ya ce ai gara shi, ni bakina ya fi askata kaifi, kuma ita askar ko ba komai tana hutawa.

Dawa yake nomawa kamar kowa, amma ba da ita aka san shi ba. An san shi da raba gona. Idan maigida ya rasu 'ya'ya za su fasa gandu, malamai su ne ke faɗin rabon kowa, amma Habu ake kira ya taka ƙasar da igiyarsa, ya nuna inda ta wane ta tsaya, ya dasa ciyawar gamba a kan iyakar. Daga nan sunan ya bi shi. Kuma yana da doka guda da ba ya ɗagawa kowa: na dama ya bar kunyar noma ɗaya bai taɓa ba, na hagu ma ya bar ɗaya. Yakan ce iyaka ba zare ba ce, jiki gare ta, in ka yi ta gwaguyarta da fartanya ruwa zai ƙarasa maka aikin. Tun daga duwatsu har bakin dajin Falgore, Bahaushe da Bafulatani, ban taɓa jin wanda ya tsallake gambar Habu ba.

A tsakiyar gonarsa akwai wani tudu da tsohuwar kanya a kai. Nan ne maƙabartar unguwarmu tun kaka da kakanni. Babansa yana nan, innarsa tana nan, da 'ya'yansa biyu da suka koma tun suna goye. Shekarar sanƙarau kuma aka kai matarsa Zuwaira. Bai ƙara aure ba, duk da tsiyar da na yi ta yi masa. 'Yarsa guda da ta rayu, Rabi, tana aure a Kiru. A gefen kabarin Zuwaira akwai wani ɗan fili daidai kwanciyar mutum, Habu ba ya barin ciyawa ta fito a wurin. Kowa ya san na wane ne. Wallahi iyakar abin da mutumin nan ya nema a duniya ke nan, bai nemi sarauta ba, bai nemi doki ba.

Kuza kuwa mun san ta tun ba yau ba, wannan baƙin yashi mai nauyi da ke kwanciya a gindin ƙwarya in ka wanke ƙasar rafi. Akwai wani kamfani da ya daɗe yana haƙarta can ƙasan kwari, ba ruwanmu da su, har ma nakan je barikinsu in yi wa leburori aski. To, a rani na shekarar hamsin da biyar sai ga safiyo da 'yan tutocinsa ja, yana leƙe ta cikin wani ƙarfe mai ƙafa uku. Kafin azahar ya jera tutocin nan tun daga kwari, suka ratsa gonar Habu, suka hau tudu, har ɗaya ta tsaya dab da kan kabarin innarsa.

Habu bai yi faɗa ba. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ce in raka shi. Mu dai abin da muka tashi muka tarar shi ne, mulki tsani ne guda. Mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, kowa da na gaba da shi, kuma in ka yi haƙuri ka bi shi hawa-hawa, dole ka kai ga wanda zai ce e ko a'a. Dagaci ya ji, ya girgiza kai, ya haɗa mu da ɗan rakiya zuwa gidan hakimi. Hakimi ya saurare mu da kyau, ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Da Habu ya gama, sai ya ce wa magatakardansa, wani Malam Uba, ya yi mana bayani, don shi ne ya karanta sabon tsarin da aka yi bara.

Malam Uba ya ce, "Baba Habu, yanzu gwamnati biyu ce. Akwai ta Jihar Arewa a Kaduna, akwai ta Tarayya a Ikko, wato Legas. An raba musu aiki. Gona, daji, makaranta, asibiti, duk abin da ke bisa doron ƙasa irin wannan, na Kaduna ne, mu kuma En'e, wato hukumar sarki, muna ƙarƙashinta. Amma soja, da jirgin ƙasa, da gidan waya, da ma'adinin da ke cikin ƙasa kamar kuza, na Ikko ne. Lasin kamfanin nan daga can ya fito."

Habu ya ce, "Allah ya gafarta malam, a cikin biyun wace ce babba?"

"A nata hurumin kowace babba ce."

"To in sun saɓa, wa ke tsawata wa wani?"

Malam Uba ya ce, "Ai an tsara ne yadda ba za su saɓa ba, kowa ya tsaya a nasa."

Ka ji fa! A hanyar komawa ni sai tsaki nake yi, ina cewa yaushe aka taɓa sarki biyu a gari ɗaya. Amma Habu fuskarsa a sake. Ya ce, "Shitu, kai ba ka gane ba, aski kawai ka iya. Gandu aka fasa. Wa da ƙane ne aka raba musu gado. Ai wannan aikina ne, na san shi." Na ce, "Kai ɗan gajere, ka taɓa raba gona ka ba wan sama, ka ba ƙanen ƙarƙashinta?" Ya ce ko ma yaya aka raba, in dai an dasa iyaka, ɗan halak ba ya gwaguyarta.

Hakimi ya aika da maganar Kano, Kano ta aika Kaduna. Habu bai zauna jira ba. Ya bar shuka a hannun maƙwabta ya kama hanya da ƙafa, ya yada zango wajen Rabi a Kiru, ya bi ta Bebeji ya shiga birni, ya zauna a ƙofar ofis har masinjoji suka san shi suna ba shi goro. Ya dawo ƙafa duk faso, ya sake komawa. Gonarsa ta wannan shekarar dai ciyawa ce ta ci rabinta.

Da kaka kuwa sai ga mota har gindin tudu. Wani jami'in ƙasa ne daga Kaduna, Bature, da tafintansa. Ya zagaya kaburbura, ya cire hularsa, ya yi tambayoyi. Sannan ya ce a gaya wa jama'a, gonar kam ta shiga lasin, za a ba Habu wata, amma maƙabarta doka ta tsare ta, babu mai sa diga a cikinta. Aka kafa turakun siminti huɗu, kusurwa-kusurwa. Habu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na Ikko sun san da wannan iyaka?" Tafinta ya ce an sanar da su.

Shi ke nan, a wurin Habu magana ta ƙare. An nuna wa maƙwabci iyaka, ya gani, bai musa ba. Bai ko yi kukan gonar ba. Ya yanka ɗan akuya aka yi sadaka, ya bi tsakanin turakun nan ya dasa gamba layi-layi. Har ya ɗauki zakara da ƙwai ya kai wa helman kamfani, wato shugaban leburori, ya ce gaisuwa ce ta maƙwabtan iyaka. Helman ya karɓa yana ta kallonsa, bai gane me ake nufi ba.

Rani na kamawa suka fara. Leburori kamar tururuwa, diga da shebur da kwano a ka, ana kai ƙasa lambatu, magudanar da suka gina, ana wankewa. Suka ci gabas da tudu. Suka ci kudu. Ba su tsallake turke ba, ko da faɗin yatsa, wannan na shaida. Amma ba su bar ko faɗin yatsa ba. Daidai gindin siminti suka yanke ƙasar tsaye car, suka yi ƙasa da ita har sai mutum ya ɗaga kai hularsa ta faɗi kafin ya hango kanyar. Kafin bazara sun zagaye ta, sai wata 'yar siririyar hanya da suka bari ta arewa. Saiwoyin kanya suna reto a sarari.

Habu ya je wajen helma. Ya ce, "Ɗana, ai ba haka ake yi ba. Sai ka bar mata jiki, ko kunya ɗaya ce." Helma ya ce, "Baba, wallahi ni ma ina da iyaye a ƙasa. Amma lasin ya ce har turke, kuma a gindin tudun nan kuzar ta fi kauri. In na bar taki ɗaya, gobe wani ne helma."

Liman ya kira shi ya ce shari'a ta yarda a ɗauke mamata in lalura ta kama, a yi tun ƙasa na bushe. Ni ma ran da nake masa aski na sa shi gaba. Na ce, "Habu, rigakafi ya fi magani. Mu tattara maza mu kwashe su kafin ruwa ya sauka."

Ya ce, "Hukuma ta yi magana a gaban jama'a. Magana zarar bunu ce. In na tone su, na ce hukuma ƙarya take yi ke nan."

"Wace hukumar? Mai turke ko mai rami?"

"Kuma in sa hannuna in tone innata, alhali an ce ba mai taɓa ta? In ce mata me? Shitu, ba a taɓa dasa iyaka a ƙasar nan aka bar ta ta zube ba. Za su zo su gyara. Ba su gani ba ne."

Na fusata har na yanke shi a bayan kunne, abin da ban taɓa yi ba. Na ce masa jaki, na ce masa kunnen ƙashi. Amma ka tsaya ka duba, don Allah. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana dasa ciyawa, ciyawa fa, ƙarti majiya ƙarfi suna ganinta suna ja da baya, yaya za a yi ya yarda siminti na gwamnati bai kai ciyawarsa ƙarfi ba?

Ya koma wajen hakimi, hakimi ya sake aikawa, har da cewa abin na gaggawa ne. Amsar Kaduna ta zo, Malam Uba ya karanta mana yana sunkuyar da kai. Sun tambaya ko an haƙa cikin turaku. Ba a haƙa ba. To, in haka ne ba a karya dokarsu ba, yadda ake haƙar rami kuwa da zurfinsa aikin mai duba ma'adinai ne, shi kuma na Ikko ne. Aka nemi mai duba ma'adinai. Shi ma ya amsa, da ladabinsa. Ya ce kamfani yana cikin lasinsa, batun kabari da ƙasar da yake kai kuwa ba huruminsa ba ne, a tuntuɓi Kaduna. Kafin amsar nan ta iso an riga an yi ruwan shuka.

Kai, tir! Da mugu ne ya zo ya ce zai tone kaburburan, da mun san abin yi, da an ga sanduna. Amma babu mugu. Kowa mutumin kirki, kowa yana cewa sannu, kowa yana nuna maka ƙofar wani.

Cikin marka abin ya faru, da hantsi, bayan an kwana biyu ana tsuga ruwa. Ina zaure ina wasa aska sai na ji wani irin gurnani, ƙasa ta motsa a ƙarƙashina. Na fito da gudu. Kanyar nan na gani ta karkata a hankali kamar tsohuwa za ta zauna, sai gefen tudun na kudu ya ɓalle gaba ɗaya ya bi ta. Kafin mu kai bakin rami, na gabas ma ya tafi. Jan ruwa ya haɗiye komai, yana tafasa, yana gangarawa lambatu.

Habu ya riga kowa sauka. Ban san yadda aka yi bai karye ba. Muka bi shi, ruwa iya ƙugu. Leburorin nan kuwa, Allah ya saka musu, har waɗanda ba Musulmi ba, 'yan kan dutse da suka zo ci-rani, suka zubar da kuzar da ke kwanukansu suka shigo. Da kwanon kamfani muka yi ta tsamo iyayenmu. Fasassun tukwanen da aka rufe su da su, guntayen itace, ƙasusuwa sun yi ja da laka. Wasu a lambatu aka tare su, inda ake tare kuza. Mata suna bakin rami suna salati.

Can na ga Habu ya tsaya cik, riƙe da wani ƙashin hannu, yana share shi da bakin rigarsa. Ya dube ni ya ce, "Shitu, wannan na wane ne?"

Na karɓa na sa shi a kwano tare da sauran.

Da ruwa ya ɗauke sai ga jami'an sun zo, su biyun, rana ɗaya, kowa da motarsa. Na Kaduna ya duba ya ce lalle babu alamar diga a cikin iyaka. Na Ikko ya duba ya ce lalle babu alamar an wuce lasin. Suka yi magana da Turanci, suka gyaɗa wa juna kai, tafinta ya juyo ya ce binciken ya nuna ruwan sama ne ya jawo. Nan fa na manta da dagaci, na manta da hakimi. Na ce, "To a tambaye su, shi ruwan saman na wa ne, na Kaduna ko na Ikko? Mu san inda za mu kai ƙararsa!" Dogari ya ja ni gefe. Tafinta bai fassara ba. Suka yi wa Habu ta'aziyya, suka ce za a duba yadda za a kauce wa irin wannan nan gaba, suka shiga mota.

Ƙasusuwan suna zauren masallaci a naɗe cikin tabarmi da sabon ƙyalle. Liman ya ce a gaggauta. Dagaci ya nuna wani fili mai kyau kusa da rafi. Habu ya ce a dakata. Ya shiga gida ya ɗauko ƙwaryar Zuwaira da tulun ruwa, ya haƙa rami a filin har iya gwiwa, ya ɗebo ƙasar gindin, ya tsuguna yana wankewa yana juyawa yadda ya ga leburori suna yi. Da laka ta tafi, ga baƙin yashi kwance a gindin ƙwarya. Ya ce, "Ba nan ba. Wannan da mai ita."

Haka ya yi ta yi, wuri bayan wuri. Liman ya yi faɗa, ya ce ba a barin mamata suna jira. Habu ya ce, "Allah ya gafarta malam, gara su jira yau da a sake tashinsu gobe." Sai can yamma da gari, a wani fako mai marmara inda ko tumu ba ya fita, inda awaki ma ba sa tsayawa, ya wanke ƙwarya ta fito fes. Nan muka sha wuyar haƙa, diga tana tartsatsi. Kabari ɗaya muka yi musu, maza da mata, manya da jarirai, don ba wanda zai iya rarrabewa. Ko Zuwaira tana ciki, ko tana can ƙarƙashin laka, Allah kaɗai ya sani.

Daga ranar Habu bai ƙara raba gona ba. In an zo kiransa sai ya ce a nemi wani, shi ashe bai san iyaka ba. Sabuwar gonar da aka ba shi ko kallonta bai yi ba. Unguwar ma ta watse, rami ya matso har bayan danga, kowa ya kama gabansa. Rabi ta zo da kanta daga Kiru ta durƙusa ta ce, "Baba, ka zo mu tafi." Ya ce shi da ke da wurin kwanciya a nan, ina za shi. Ya kafa bukka kusa da fakon. Ni ma na ƙi tashi, don in ba ni ba wa zai yi wa wannan ƙaton kan aski.

Bai kai ga ganin 'yancin kai ba, ana saura shekara ya kwanta. A askin ƙarshe da na yi masa, yana jingine da bango, duk ya zama ƙashi, ya ce, "Shitu, in an haƙa nawa, ka sake wankewa. Kada ka ce ai na wanke a da. Ka kai gindi ka ɗebo." Na ce, "Ji ɗan gajere, har ka mutu sai ka sa ni aiki." Ya yi murmushi, ya ce ai wanzami ba ya son jarfa, yau ga ranar da zan yi aikin da ba baki.

Ran da ya cika, aka haƙa a gefen babban kabarin. Jama'a sun yi sahu, gawa tana kan makara, na ce a dakata. Na sauka da ƙwaryar nan, na ɗebo ƙasar gindi, na fito na tsuguna a gaban kowa ina wankewa. Wasu baƙi da suka zo daga Doguwa suna ta kallon juna. Liman ma shi ya riƙa zuba mini ruwan. Na juya, na tsiyaye, na sake juyawa. Babu ko ƙwaya ɗaya.

Na ɗaga ƙwaryar na nuna wa makara, na ce, "Habu, ga ta nan, fes. Ƙasar banza ce, ba ta da komai. Kwanta."

Yana nan har yau. Gwamnatoci nawa aka yi tun daga lokacin, an raba, an haɗa, an sake rabawa, ba wadda ta taɓa zuwa ta ce fakon nan nata ne.